Shuni a Bangon Haya

Akwatin ya iso Agege a bayan tirela,
a tsakanin buhunan albasa,
ɗaure da igiyar rama,
sunana a murfi da gawayi, ruwa ya cinye rabi.
Gadona ke nan daga Yakumbo Talle:
ba gona, ba zinariya,
tufa bakwai da ƙamshin kanumfari.

Na baje su a tsakar ɗaki.
Ga luru mai ratsin ja,
nauyinsa ya kai na yaro mai barci.
Ga saƙi, ɗigo-ɗigo kamar bayan zabuwa.
Ga tsamiya da ta sha wanki har ta yi laushin kunne.
Ga barage, ga gwado,
ga turkuɗi har biyu,
wanda ko gaisawa kuka yi
sai ya bar maka shaida a yatsa.

Rumasa'u ta tsaya bakin ƙofa da waya a hannu:
"Mama, waɗannan tsummokaran fa?"
Na ce, zo ki duba ɗinkin.
Kowane faɗin tafin hannu daban aka saƙa shi,
kafin allura ta ƙulla musu zumunci.
Ta ce, to.
Ta koma kan wayarta.

Baba Adisa ya kafa doka tun ranar biyan haya:
ba a buga ƙusa a bangonsa.
Sai na sayo gora biyu wajen masu katako,
na ɗaure daga ƙarfen taga zuwa ƙarfen taga.
Luru ya rufa wa yagaggiyar kujera asiri.
Tsamiya ta hau taga,
rana ta bi ta cikinta da la'asar
ta fito da launin kunun gyaɗa,
har ihun 'yan kwandasta ya rage kaifi.
Jirgin ƙasa in ya wuce,
gezar barage ta ɗan yi rawa, ta natsu.

Gwadon yana da huda, girman kwabo, baƙin baki.
Na san daren.
Ƙyanda ce ta kwantar da ni,
Yakumbo na gyangyaɗi kan kaskon hayaƙi,
garwashi ya yi tsalle.
Na juyo hudar tana kallon baƙi.

Mama Sikira ta hawo aron ashana.
Ta manta da ashanar.
Ta daɗe tana murza bakin barage,
ta ce uwarta ta taɓa mallakar irinsa,
kuɗin asibiti ya tafi da shi.
Washegari sai ga ta da tsohon adire,
tsuntsaye da cokula zane a jikinsa:
"Ajiye mini, ɗakina yana yoyo."
Na san ɗakinta ba ya yoyo.
Na rataye shi kusa da turkuɗi.
Baba ɗaya suka sha,
karofi ne kowa da nasa.

Amma daminar Ikko ba ta san girma ba.
Wata huɗu bango yana gumi,
fumfuna tana leƙen duk abin da ya tsufa.
Ran Asabar, in rana ta yi mana kara,
sai in kwashe su zuwa baranda,
in shanya tsakanin janareta da tankin ruwa.
Ranar da na sauke turkuɗi
na tarar bango ya sha shuni,
murabba'i guda, kamar taga zuwa wani dare.

Baba Adisa ya gani.
Ya cire tabarau, ya mayar.
Ya ce kuɗin fenti yana kaina.
Na ce na ji.
Ban ce masa yaushe ba.

Jiya aka ɗauke wuta, ruwa na dukan kwano.
Na haska fitila na ga kujera tsirara,
Rumasa'u a ƙasa, ƙudundune cikin luru,
hanci kaɗai a waje.
Ta ce, "Mama, wa ya saƙa wannan?"

Na buɗe baki.
Abin da Yakumbo ta taɓa faɗa mini kawai,
wani gurgu ne, mai yawan tari,
yana zama gindin ɗorawa ranar kasuwa.
Ko sunansa ba mu riƙe ba.
Ga shi yana ɗumama mini 'ya
a hawa na uku,
a garin da bai taɓa gani ba.